Dokina na Amurka da Harawar Kawu

A danginmu kaf doki guda ne, kuma na Kawu ne. Akawal ne, ya manyanta, amma har gobe in Sallah ta zo da shi Kawu yake tafiya Tibiri hawan Sarkin Gobir, ya dawo rawani ya sha ƙura, yana ba da labarin wanda ya fi kowa iya zamiya a ƙofar fada. Tun ina yaro, rabona a wannan turken bai wuce kwashe kashi da jan ruwa ba. Na girma, na zama mushe ina koyar da yara a lakwal, har babur gare ni, amma duk ranar da na ce, "Kawu, ara mini in zaga gari," sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, doki ba kabu-kabu ba ne."

Ana nan sai taubashina ya dawo daga haƙar zinariya can arewacin Agadas. Wasu in sun samo, fili suke saye ko su ƙara aure. Shi kuwa PlayStation 4 ya sauko da ita, da tele, da fanon sola da batir. Cikin kayan har da wani wasan kaboyi, Red Dead Redemption 2, na kamfanin Rockstar Games, wanda ya fito a 2018. Yana da sashen da ake bugawa ta intanet, Red Dead Online, inda kai kana garinmu Sae Sabuwa, wani yana Barazil, wani yana Jamus, amma duk daji guda kuke yawo, kowa bisa dokinsa. Wasan ya kai giga 100, kuma ba ya buɗe ƙofa sai an sabunta shi, don haka sai da muka goya na'urar a babur muka kai ta Maradi ta kwana tana shan intanet. Rezon garinmu ko damina guda aka ba shi ba zai haɗiye wannan lomar ba.

Ana farawa ne a shekarar 1898, kana ɗan kaso da aka kuɓutar a hanya daga kurkukun Sisika. Wannan ɓangaren ban taɓa gaya wa Kawu ba. Daga nan a ba ka wani doki na talakawa, mai haƙuri, mai gajiya da wuri. Ni ko ba don wannan na zo ba. Na buɗe jerin dawakin barga na ga Turkoman, na ga Missouri Fox Trotter, na ga wani ƙaton Shire mai kofato cike da gashi, sannan idona ya sauka kan na Larabawa. Baƙinsu sandar zinariya 42 ne, kuma a kulle yake sai ka kai babban matsayi. Sanda guda kuwa sai ka tara ƙwaya 100, aiki guda kuma 'yan ƙwayoyi yake bayarwa. Taubashina, wanda ya sha rami da guduma, ya lissafa ya ce wallahi ta Agadas ta fi saurin fitowa.

Na gwada hanyar banza. Na jefa wa wani dokin jeji igiya, na sha tutsu har ya sallama, na ja shi barga ina taƙama, aka nuna mini cewa a sashen intanet ba a ɗaure dokin tsintuwa. Sai na koma neman halak: farautar barewa, fiɗa, kai fata wurin mahauci, rakiyar keken kaya. Da rana in koyar da lissafi, da dare in zama ɗan farautar Turawa, kiredi yana ta zurarewa. Har hular kaboyi na saya wa mutumina na cikin wasan, kuma kada mai karatu ya ga baƙon abu: tun 1966 Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Le Retour d'un aventurier, inda wani ɗan Nijar ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye. Cutar tsohuwa ce a ƙasar nan.

Da kuɗin wasan suka isa sayen wani ja ɗan Larabawa, sai na yi abin da kowane ɗa na gari zai yi: na gayyato Kawu ya duba mini. Ya zo da buzunsa ya zauna gaban tele, 'yan fadar hirarmu suka ba shi shayin farko. Na shiga bargar garin Valentine, na juya masa dokin dama da hagu.

"Buɗe mini bakinai in ga haƙora," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ba a buɗewa."

"To ɗaga ƙahwa in ga kofato."

"Shi ma ba a ɗagawa. Amma ga layuka nan, wannan na gudu ne, wannan na ƙarfin numfashi."

"Wa ya rubuta su?"

"Masu sayarwa."

Ya yi shiru, ya kurɓi shayi. Sannan ya tambayi ina dillali. Na ce babu. Ya ce to in taya rabin kuɗin mu ji. Na ce ba a tayi, abin da aka rubuta shi ne. Kawu, wanda ya taɓa yini guda cur yana cinikin jaki a kasuwar Maradi ranar Litinin, ya ce kasuwar da ba a cewa albarka a cikinta ba kasuwa ba ce. Dokin kuma ya yanke masa hukunci nan take: ƙaramin jiki, ido a waje, irin na 'yan birni, ganye ya motsa zai zabura. Na saya duk da haka, na biya kuɗin turke na biyu, na ɗora sirdi da likkafa, na raɗa masa suna Guguwa. Da aka zo kan inshora, wadda dokin farko yake samu kyauta amma na biyu sai an biya, Kawu ya ɗaga hannu. "Inshora ga dabba? Turke da addu'a sun isa." Magana ta fito daga bakin masani, na tsallake.

Abin da ban lissafa ba shi ne yaran da ke leƙe ta taga.

Kashegari ko karin kumallo ban yi ba na ji sallama. Mai harawa ne, ya cika amalanke har tana rangaji, ya ce ya ji Mushe ya yi doki, kuma ya san dokin Larabawa ba ya cin karan dawa. Ina cikin yi masa bayani sai ga maroƙi da kalangu. Surukata ta aiko da ƙwaryar fura da saƙon Allah ya sa alheri. Uwargida kuwa ta tsaya bakin ɗaki, hannu a ƙugu, ta ce, "Malam, ashe kuɗin doki akwai, na cefane ne babu?"

Na ce a kwantar da hankali, dokin ba ya nan, yana Amurka. Nan na ƙarasa kaina. Maroƙin ya cafe maganar, ya ƙara wa kalangu wuta, ya shiga shelanta wa unguwa cewa ga wanda bargarsa take ƙetaren teku. Sai da jikka ta fita daga aljihuna ya yi shiru. Mai harawa ya ce shi bai san Amurka ba, ya dai san jakinsa ya jawo kaya tun daga gona, kuma ba ya komawa da su. Na biya. Kawu ya fito a natse ya nuna masa inda zai sauke, kusa da turken akawal.

Da dare fada ta cika maƙil, kowa ya zo ganin hawan farko. Aka rataye wayar da ke ba mu intanet a reshen bedi, inda rezo ya fi sauka, aka sa yaro gadi. A wasan nan doki yana son kulawa: ka goge shi da buroshi, ka ba shi karas ko ciyawa, ka shafa wuyansa, shaƙuwarku tana hawa daga mataki na 1 zuwa na 4. Na matsa kusa da Guguwa don in shafa shi a gaban jama'a. Yatsana ya zame kan maɓallin maƙwabci. Mutumina ya dunƙule hannu ya zabga wa dokin naushi a muƙamuƙi. Guguwa ya yi haniniya, ya juyo gindi, ya sakar mini harbi da ƙafa biyu, hular da na saya ta yi gabas ni na yi yamma.

Kawu bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Shi ya sa," ya bar maganar a nan.

Na lallashi dokin na hau. Gaskiya, da muka fita fili na sake masa linzami, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, don Guguwa yana da sukuwa. Matsalar ita ce abin da nake gani a tele ya riga ya wuce a can inda ake wasan. In na ja linzami yanzu, sai dokin ya ji bayan ya gama shawara da itace. Muka rungumi itacen farko. Muna tashi maciji ya gitta, ya yi tutsu ya zubar da ni, Kawu ya gyaɗa kai don hukuncinsa ya tabbata. Na ce bari in wanke kaina da zamiya irin ta ƙofar fada, ashe ba a samunta sai shaƙuwa ta kai mataki na 3. Na taho a sukwane tsakiyar Valentine, na danna, dokin bai san zancen ba, muka shige cikin keken wani bawan Allah.

A bayan gari na hango wani mahayi, mutum ne irina daga wata ƙasar. Tarbiyya ta sa na tsaya na ɗaga masa hannu. Ya amsa da igiya. Ya zarge ni, ya fizgo ni daga sirdi, ya ja ni a ƙasa cikin ƙaya, sannan ya juya ya ɗirka wa Guguwa harsashi. Akwai maganin farfaɗo da doki da ake saye a kanti, amma kuɗinsa na sa a hula.

Da mutumina ya farfaɗo na yi fito, yadda ake kiran doki. Abin da ya taho ba Guguwa ba ne. Wata ramammiyar dabba ce da wasan ke ara wa wanda dokinsa ke jinya, haƙarƙari a jere kamar gadon kara, tana tafe tana neman faɗuwa. Fada ta kece da dariya, mai shayi har ya kifar da buta. Kawu kaɗai ya matso kusa da tele ya ƙura ido.

"Wanga shi ne doki," in ji shi. "Ya ga bazara, ya san darajar ubangijinai. A jiƙa mai kanwa da dusa, wata biyu ba ka gane shi."

Yaran taga ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Kafin azahar ta kashegari labari ya zaga cewa an harbe dokin Mushe. Dattawa suka zo jaje, aka shimfiɗa tabarmi, aka yi addu'ar Allah ya mayar da alheri. Wani ya ba da shawarar a kai rahoto ga jandarmomi. Surukata ta aiko cewa dukiya ce ta fanshi rai. Uwargida tana zuba wa baƙi ruwa tana kallona, ba ta ce uffan ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Daren nan na biya 'yan kuɗin likitan dabbobi na cikin wasan, Guguwa ya fito garau. Har yau ban sanar ba. Mutumin da ya karɓi gaisuwar jaje ba ya fitowa ya ce mamacin ya tashi, balle maroƙin nan yana nan da kalangunsa. Harawar kuwa akawal ɗin Kawu ya cinye ta tas, ya yi ɓul-ɓul, kuma ko sisi Kawu bai mayar mini ba.

Masu buga wannan wasa daga Maradi, Katsina ko Kano, in kun ci karo da wani a hanyar Valentine bisa jan doki, yana tafiya yana tsayawa, yana gaisawa da itatuwa, ni ne. Ku yi sallama ku wuce. Igiyar dai a bar ta a sirdi, don Allah, wayarmu a reshen bedi take.