Ledar Omo, Sha Yabo

Akwai wani hali na mutanen Jega da Aliero da Maiyama da ya kamata a faɗa musu ido da ido, ko da za su ji haushi: ba su iya godiya ba. Ga baƙuwa ta sauka a cikinsu shekara da shekaru, ta shiga kowane gida, ta kwana a kowane lungu, amma har yau ba a ji maroƙin da ya wasa ta ba, ba a ji wanda ya kai sunanta fadar Gwandu don a duba ko akwai rawanin da ya rage ba. Ina maganar 'yar ledar garin omo ce, mai sheƙin nan da ake ratayewa reras a ƙofar kowane shago, ita da ƙannenta, ta bilic da ta ruwan wankin kwanuka. Tunda kowa ya yi gum, ni zan sauke wannan nauyi.

Sai an tuna duhun da aka fito daga ciki kafin a san darajarta. Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke ya da zango a nan da goron Gwanja. Da me suke naɗe goron? Da ganye. A yi wata da watanni a hanya, in an iso a kwance huhu a watsar da ganyen, kafin damina ta zagayo ya zama ƙasa. Sabulun salo kuwa da ruwan toka da mai ake dafa shi, a cura, mai saye ta zo da ƙwaryarta. Tukunya a dirje ta da toka da yashi. To ga abin da wannan sakaci ya jawo: kakanninmu sun yi wanki da wanke-wanke ƙarni bayan ƙarni, ba su bar mana shaida ko ɗaya ba. Wa zai iya rantsuwa ma sun yi? Mu kam mun tsira daga wannan zargi. Duk wanda ya haƙa ramin gini a Jega bayan jikokinmu sun tsufa zai san irin omon da muka yi wanki da shi, da launin ledarsa, har da adireshin kamfanin.

Ba da ka aka yi wannan aiki ba, ilimi ne. Galibin irin wannan leda ba falle ɗaya ba ce. Falle biyu ne ko uku aka manne: na waje mai ɗaukar fenti da rubutu, na ciki mai liƙe baki in an ɗora masa zafi, wani lokaci da ɗan shafen alminiyam a tsakani don kada laima ta shiga. Kowane falle irin robarsa daban, zafin da ke narka shi daban, an kuma yi musu haɗin da raba su ya fi yin sabuwa tsada. Shi ya sa ta zama kaya ɗaya tilo a garin nan da za ka yar a bakin titi ka dawo baɗi ka tarar da abinka. Fasasshen bokiti, tsinkakken silifa, buta mai yoyo, duk 'yan jari-bola sun tsince, an ɗora a sikeli, an loda sai Kano inda ake niƙawa a narke. Ko gorar ruwa ba ta kwana a ƙasa, mai zoɓo da mai kunun aya na jiranta. Ledar omo kuwa, yaron da ke yawo da buhu zai taka ta ya wuce, ko sunkuyawa ba zai yi ba. A zamanin da ake sace wayar lantarki daga kan turke, samun kayan da ɓarawo ma ke girmamawa ba ƙaramin rabo ba ne.

Ga ta da tarbiyya. Juya bayanta ka gani: hoton wani ɗan taliki ne tsaye yana jefa shara a kwando, wasu har da kibiyoyi uku masu bin juna, alamar wai za a sake sarrafa ta. Kamfani ya yi nasa, ya zana kwandon. In ka nemi na gaske a unguwarku ka rasa, wannan tsakaninka da ƙaramar hukuma. Kada kuma wani ya ce an raina mu: ƙungiyar OECD ta lissafa a 2022 cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa, har da ta ƙasashen da ke da kwando a kowace kwana.

Mutanen Aliero ne ya fi kamata su miƙe su yi mata kirari. Me ya fi ci wa manomin albasa tuwo a ƙwarya? Ruɓewa. Ya sha ban ruwa, ya cire, ya adana yana jiran farashi ya tashi, zafi ya shigo, ya buɗe ya tarar da wari. To ga abin da bai san ruɓewa ba, kuma har gona yake bin mutum. Manomi ya sayi takin juji, amalanke ta kwaso ta zube, a ciki akwai toka, akwai kashin awaki, akwai ledar omo ta bara da ta bara waccan. Toka da kashi ba su da amana, damina ɗaya sun narke sun tafi. Ita ce ke zama. Garma ta binne ta, fartanya ta tono ta, ta sake komawa. Masu ƙorafi na cewa tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsa ƙasa. Ni a ganina saiwar ce ba ta da haƙuri, ai sai ta zagaya. Da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006 za ta ji shawarata, da ta zauna ta gano yadda za a sa wa albasa halin leda, kowa ya huta.

Alherinta ga dabbobi kuwa, a tambayi makiyayin Maiyama. Da rani ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, akuya da tunkiya su bi juji, kuma akuya ba ta tantance ledar tuwo da ta omo. Ta haɗiye, abin ya sauka tumbi ya zauna, ya haɗu da 'yan'uwansa ya dunƙule. Daga nan dabba ta rage cin abinci. Wace dusa ce ta taɓa ƙosar da akuya har ƙarshen rayuwarta? Gaskiya ne tana ramewa, haƙarƙari ya fito, mai kiwon rago don layya ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza, amma cikin na nan a cike. Mahauci ne shaida, shi ke ciro ƙullin ranar fawa.

Wadda ba ta samu gona ko tumbi ba, kwata na jiranta. Ta toshe kwalbati, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin renon 'ya'ya, mai kemis ya samu ciniki. In ta tsallake ta faɗa gulbin Zamfara, sai gulbin Sakkwato, sai Kwara, ta wuce Yawuri ba ko kuɗin mota. Sauran kuma a tara a cinna musu wuta da magariba, unguwa ta shaƙa tare.

Hujjarta mafi ƙarfi ita ce tausayin talaka, kuma a nan ba na jayayya da kowa. Wanda ya yini dako a kasuwa ba shi da kuɗin kilo guda na omo, yarinya za a aika, ta ce, "Baba, Inna ta ce a ba ni na wanki ɗaya." A Indiya aka fara wannan dabara da man wanke gashi, a Nijeriya madarar Cowbell ta yaɗa ta daga 1993, wani farfesa mai suna C. K. Prahalad ya rubuta littafi a 2004 yana nuna wa kamfanoni irin dukiyar da ke ɓoye a aljihun matalauta. In aka raba kilo ɗaya giram 25-25, an samu leda arba'in a maimakon ɗaya. Mai kuɗi ya sayi babba ya koma gida da leda guda, talaka ya ci arba'in. A ina kuma aka taɓa fifita shi haka? Wasu tsofaffi za su ce ai da gwangwani ake auna wa mutum daidai kuɗinsa tun kafin a haifi leda. Haka ne, amma gwangwani ba ya da hoton farar riga.

Ɗaukaka ba ta rasa mahassada. Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, maƙwabciyarmu Nijar ta yi doka a 2014, Kenya a 2017. Siri Lanka ta taɓo ƙananan ledojin kansu a 2021, ta hana mai cin mililita 20 ko ƙasa da haka, in ba ta abinci ko magani ba ce. Shugaban kamfanin Unilever na lokacin, Alan Jope, da bakinsa ya ce a 2020 dole a rabu da irin wannan leda. Amma binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2022 ya nuna cewa a Siri Lanka kamfanin nasa ya riƙa haɗa 'yan mililita shida guda huɗu ya kira su 24. Ka ji masu basira. Mu a nan ba mu ma wahalar da kowa da lissafi ba. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin hana jakar leda a 2019, bai zama doka ba. An fitar da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020. An sa wa kayan roba harajin kashi 10 a 2023, aka dakatar da shi a watan Yulin shekarar. Legas ta fara rawar kai kan roba tun 2024, amma Legas da nisa.

Abokan gabarta na haƙiƙa suna cikin gida. Matan nan ne da suka koyi haɗa sabulun ruwa, suna damawa a baho, suna ɗurawa a tsofaffin gorori. Maƙwabciya ta aiko da gorarta, a cika mata, ta ƙare ta sake aikowa da ita. Ba injiniya, ba kibiya, ba shara. Akwai haɗari a sana'ar, ba a musu: bilic ko maganin wanke masai a gorar lemo, yaro ya gani ya kai baki. Wani zai ce a koya musu liƙa takarda da sa murfi mai tauri. Ni na ce a tsawata musu tun da wuri, don abin yana yaɗuwa. A ƙasar Chile wani kamfani mai suna Algramo ya taɓa yin wannan ɓarna, ka zo da robarka na'ura ta zuba maka omo daidai kuɗinka. In aka yi sake, wata rana wani mai shago a Jega zai girke durom da famfo yana auna wa mutane, sa'an nan a gaya mini wanda zai ciyar da awakin Maiyama da rani.