Kek ɗin Tuffa a Kakar Pauwa: Asalinsa, Haɗinsa da Rabonsa

Kek ɗin tuffa nau'in kek ne da ake kwaɓawa da fulawa, bota, sukari da ƙwai, a zuba masa yankakkiyar tuffa da kayan ƙamshi, sannan a gasa. A ƙasar Pauwa, wato Ƙanƙara, inda hakimi ke riƙe da sarautar Sarkin Pauwa, da yankunan Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, yana cikin baƙin cimar da suka shigo gidaje ta wayar hannu. Amfaninsa iri biyu ne. Ƙaramin shi ne a ci, babban kuwa shi ne a ji labari a unguwa cewa an yi shi a gidan wane.

Asali

Tuffa 'yar ƙasar sanyi ce. Tushenta yana duwatsun Kazakistan, kusa da birnin Almaty, kuma itacenta ba ya 'ya'ya sosai sai ya sha sanyin hunturu. A Turai da Amurka tana nuna ne a watannin Satumba da Oktoba, ta yi yawa har ta riƙa zubewa a ƙasa. Matan can suka ga ba za a iya cinye ta ɗanya ba, sai suka fara cusa ta a kek don rage asara, kamar dai yadda ake yanka kuɓewa a shanya idan ta yi araha.

A Pauwa lamarin ya juye. Lokacin da masara ta cika rumbu, dankali da kabewa da gyaɗa suna neman mai saye, a lokacin ne uwargida ke tsallake su duka ta nemi abin da ba a nomawa a karkarar. Yawancin tuffar da ake sayarwa a Nijeriya shigo da ita ake yi, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Takan hau jirgin ruwa zuwa Legas, ta hau mota zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, daga nan ta gangaro Funtuwa da Ƙanƙara. Kakar Afirka ta Kudu tana faɗowa ne daidai da bazarar ƙasar Hausa, saboda haka tuffar da ake yi wa kirarin "sabuwa ce fil" a watan Nuwamba ta riga ta yi watanni a ɗakin sanyi. Ta kuma fi yawancin masu cinta ganin duniya.

Kafin zuwan wannan kek, an san tuffa da aiki ɗaya: a kai wa marar lafiya a asibiti, masu jinya su cinye.

Lokaci

Ana yin kek ɗin tuffa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara leƙowa. Dalilin bai shafi yanayi ba, ya shafi aljihun maigida. A wannan lokaci ne buhunan masara da waken suya ke fita zuwa kasuwannin Sheme da Ɗandume, auduga ta nufi Funtuwa, kuɗi su shigo hannu. Lokaci ne kuma na bukukuwa, kowace Asabar da ɗaurin aure. Magidanci mai sabon kuɗi yana da kwanaki ƙalilan na sakin fuska kafin masu bin bashin taki su fara sallama, kuma gwanar uwargida ta san ranar da za ta miƙa takardar cefane.

Kayan haɗi

Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bota giram 200, ƙwai 3, tuffa 3, bekin fauda ƙaramin cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, garin citta rabin cokali, sai kanumfari da gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan. Cikin kayan ƙamshin, citta ce 'yar gida, domin Kachiya ta Kudancin Kaduna ta shahara da nomanta. Kirfa ta asali daga Siri Lanka take, kanumfari kuma Zanzibar da Indunusiya aka sani da shi. Fulawar kanta mafi yawan alkamarta daga waje ake kawowa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taɓa hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992. Ƙwai kaɗai ne za a iya nuna gidansu.

Ba a taɓa haɗa kayan nan cif a gida ɗaya ba. Abin da ya rage ana samunsa ta hanyar aike. Yaro zai shiga maƙwabta ya durƙusa ya ce, "Wai in ji Umma tana gaishe ki, wai ko da ɗan ragowar bekin fauda." Zai koma karo na biyu neman rariya, karo na uku neman gwangwanin gashi. Kowane aro sanarwa ce, kuma duk wadda ta ba da aro ta sayi hannun jari a kek ɗin. Za a biya ta ribarta a wajen rabo.

Ita ma tuffar tana raguwa tsakanin kasuwa da madafa. Idan an sayo uku, biyu ne ke isa kwano, domin akwai ɗan aike, akwai auta, akwai kuma mai yankan da dole ta ɗanɗana don ta tabbatar ba ta lalace ba.

Awo

Mai koyarwa a bidiyo tana auna komai da sikeli. Masana girki na Pauwa suna ganin wannan rashin yarda da kai ne, tunda an ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ma'aunansu su ne gwangwanin madara, murfin kwalba, tafin hannu, da wani ma'auni mai suna "daidai misali" wanda har yau ba a gano girmansa ba. A wajen bekin fauda da kanumfari akwai ƙa'idar cewa in kaɗan ya yi kyau, da yawa zai fi. Sakamakon haka kek yakan taso da sauri ya faɗa a tsakiya, ko ya fito da ɗanɗanon maganin ciwon haƙori.

Kwaɓi

Ana fara buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi. Hikimar ita ce ƙwayoyin sukari suna shigar da iska cikin botar, kuma wannan iska ce ke sa kek ya yi taushi. Aikin yana cin kafaɗa, don haka ana ba da shi ga 'yar riƙo ko ƙanwar miji, wadda ba za a ambaci sunanta ba idan an zo yabo. Sai a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne a wani kofi daban, saboda ƙwai ɗaya mai ciki yana iya rusa cefanen gaba ɗaya. Daga nan a tankaɗe fulawa da bekin fauda da kayan ƙamshi, a zuba a juya a hankali. Yawan juyawa bayan an sa fulawa yana sa kek tauri. Tuffa tana shiga a ƙarshe. Idan aka yanka ta aka bari tana yin duhu saboda iska, amma ɗan ruwan lemon tsami yana hana hakan.

A wannan mataki ne abokiyar zama takan gifta ta ƙofar madafa da buta a hannu, ba don tana da buƙatar ruwa ba. Takan ce, "Sannu da aiki, Amarya. Yau kuma abin Turawa za mu ci?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ɗan gwaji ne kawai, Yaya." Dukkansu sun san ba gwaji ba ne.

Gashi

Littattafan girki sun ce a gasa a zafin digiri 180 na kimanin minti 45 a murhun lantarki ko na gas. Murhun lantarki yana nan a gidaje da dama, ya zo cikin kayan ɗaki, kuma yana aiki sosai a matsayin ma'ajiyar kwanukan tangaran. Wadda ta dogara da wutar lantarki ta gasa kek ta ɗauki kasada, don kwaɓin da aka sa wa bekin fauda ba ya jiran a dawo da wuta.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce ta tukunya da yashi. Ana zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan garwashi har ya ɗau zafi, a jera gwangwanayen kwaɓi a kai, a rufe, a zuba wani garwashin a bisa murfi don sama ma ta gasu. Yashin yana raba zafi daidai, ya hana gindin kek ƙonewa. Sharaɗin ɗaya ne: kada a buɗe kafin a yi rabin sa'a, domin zafi yana fita, kek ya sace. Wannan sharaɗi bai taɓa cika ba. Mai gashi za ta leƙa, maƙwabciya za ta leƙa, surukar gida za ta zo da kanta ta leƙa don ta ga inda kuɗin ɗanta suka shiga. A ƙarshe ana soka tsinken tsintsiya a tsakiya. In ya fito a bushe, kek ya gasu. In kek ɗin ya fito a zaune, laifin fulawar bana ne.

Hoto

Ba a yanka kek sai an ɗauke shi hoto. Ana juya gefen da ya ƙone ya kalli bango, a shimfiɗa sabon mayafi a ƙarƙashi, a ajiye tuffa guda a gefe don shaida. Wannan tuffa sau da yawa aro ce, kuma ana mayar da ita. Hoton yana hawa WhatsApp da Facebook, ƙawaye su yi ta rubuta "Masha Allah, a koya mana." Idan an zo koyarwar, al'ada ta tanadi a manta da abu ɗaya daga cikin kayan haɗin, don kada almajira ta fi malama.

Rabo

Kek ɗin da aka auna don mutum takwas ana raba shi ne ga dangi, maƙwabta da masu hannun jari. Yankan maigida ne kan gaba, sai na surukai, sai na abokiyar zama wanda dole ya yi kauri don gudun magana, sai na duk gidan da aka yi aro. Saboda haka ƙwarewa a yanka ta fi ƙwarewa a gashi muhimmanci, kuma akwai matan da ke iya fitar da yankan da ake hango fitila ta cikinsa.

Masu ci sun kasu uku. Na farko mai tsoron santi, wanda zai cinye shiru fuska a ɗaure, don kada ya yi magana yara su kwashe da dariya. Na biyu mai sharhi, yawanci gwaggo ko inna, wadda za ta lashe yatsu ta ce, "Ba laifi, 'yar nan, sai dai bai kai alkakinmu na da ba," sannan ta nemi a ƙulle mata wani a leda. Na uku shi ne maigida, wanda ke tauna yana lissafin kwanon masara nawa ya tafi a kowace loma. Yakan kammala da tambayar ko akwai sauran tuwo.

Ajiya

Alkaki, nakiya da dubulan da ake kaiwa gara suna iya yin makonni ba su lalace ba, domin suya da zaƙi sun kore musu ruwa. Tuffa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Wannan ne ke sa kek ɗinta taushi, shi ne kuma ke sa ya yi fumfuna cikin kwana uku ko huɗu idan babu firiji. Duk da haka, kowace mai gashi tana ɓoye yanka ɗaya mafi kyau a cikin kwano, a saman kabad, domin babbar baƙuwar da za ta zo a nuna mata. Baƙuwar takan makara. Idan aka buɗe kwanon bayan mako guda, yankan ya canja launi, sai a miƙa wa akuyar gida, wadda ita kaɗai ce a cikin masu cin kek ɗin ke samun kaso mai kauri ba tare da ta ba da aron komai ba.