Kilishi Ba Ya Da Shaida a Kunne

Na ga kun fara murtuke fuska, musamman Rundawan Gusau. Ku sassauta, ni jikan masunta ne, wasa tsakanina da ku gado ne.

Tambaya ɗaya gare ni: shanun da ake korawa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, ina suke ƙarewa? Wani zai ce daji. To, ɗan bindiga ba ya zuba wa babur ɗinsa nono, harsashi kuma ba a sayensa da kaho. Dole saniya ta zama kuɗi.

Saniya mai rai tana da tsagar kunne, tana da tambarin wuta a cinya, mai ita zai gane ta cikin ɗari. Amma da zarar an feɗe ta, fata ta nufi majema, an sale naman, an shanya, an tsoma shi a labu, ko Sarkin Pawa ba zai ce ga garkensu ba.

"Haba Malam, ai akwai dillali, akwai Sarkin Zango, ana karɓar la'ada gaban shaidu!" Gaskiya ne, a ranar da kasuwa ke tafiya a natse. Ku zo makon Babbar Sallah. Kowane lungu ya zama kwata, yaron da jiya yake tura baro yau ya ɗaura wuƙa ya zama ɗan fiɗa, ana biyansa da kai da ƙafa. Wa zai tsaya tambayar asalin sa a wannan hada-hada? Mahaucin gado yana da suna da zai kare. Na kwana uku kuwa, washegari ya koma baronsa na turawa.

Mai cewa ƙage nake, ya tuna Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya. Ba don shanu na buga waya aka haɗa su cikin dokar ba.

Kai kuma Alhaji da ke dariya a baya, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bijimin da aka kawo maka bayan isha'i a rabin kuɗinsa, ka ce rabo ne, ka raba wa maƙwabta har da liman. Ka gaya masa nawa ka saya kafin ya sa albarka?