Bakabe, Sauke Murhun Nan Daga Rufin Ɗaki

Bawana na Karaye, ina fama da zafi? Na san zafin naka ninki biyu ne, na Allah da wanda ka saya da kuɗinka ka rataye a tsakar ɗaki. An ce har yau tsohon ƙwan lantarkin nan mai jan haske ne a gidanka, kuma duk wanda ya yi maka magana sai ka ce "wanga shi na saba da shi, farin ga ciwon ido shikai." To, ubangidanka na Katsina ya zo da karatu, gyara zama.

Wannan ƙwan naka siririyar waya ce a cikin kwalba, wuta ke gasa ta har ta yi ja. Cikin kashi goma na wutar da yake sha, kusan tara zafi ne, ɗan guntun da ya saura shi ne hasken. Wato murhu ka rataye, yana ba ka haske kyauta-kyauta. A ƙasar Kabi kuma, cikin Afrilu, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema! Masu kiwon kaji sun fi ka sanin amfaninsa, su suna kunna shi ne don ɗumama 'yan tsaki. Kai wa kake ɗumamawa?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafi. Kai ne fa za ka wuni a kasuwar Jega kana jayayya a kan naira ɗari, ka shinshina buhun albasar Aliero, ka zazzage shi har ƙasa don kada a sa maka ruɓaɓɓiya guda. Amma ƙwai mai wat 60, in ya yi awa goma kullum, yunit 18 yake lashewa a wata. Na LED mai wat 9, wanda haskensu ɗaya, ko yunit 3 ba ya cikawa. Tsohon yakan ƙone bayan kamar awa 1,000, sabon na kirki ana ba shi awa 15,000 ko fiye. Na ce na kirki, domin akwai na bugi a kasuwa da ba ya ganin sallah biyu, kuma na san shi za ka fara ɗauka saboda ya fi araha. In kuma batirin sola kake haɗa wa wancan tsohon, to ka yi sallama da haske tun kafin a idar da Isha.

Duniya ta daɗe da wucewa. Gana ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci. Tarayyar Turai ta soma janye irin naka daga kasuwa a 2009, Amurka ma, ƙasar Edison ɗin da ya yaɗa shi tun 1879, ta hana sayar da galibinsa a 2023. Mutanen da ya fito daga gidansu sun sallame shi, saura kai, jikan Kanta, ka tsaya kana gadinsa kamar ganuwar Surame.

Maganar ciwon ido kuwa, a nan na ɗan tausaya maka, don fari fat ɗin nan yana da tsini. Amma akwai LED mai ruwan ɗorawa, duba kwalin ka ga 2700K, haskensa irin wanda ka saba ne. Shi kuwa ƙwai mai murɗaɗɗiyar kwalbar nan da aka yi yayinsa a baya, kada ka bari yara su yi wasa da fasasshensa, akwai zaiba a ciki.

Watan cika-ciki na tafe, kuma bana ba zan karɓi kuɗin shara a tsabar kuɗi ba. Buhun albasa guda nake so, da busasshen kifi daga Argungu, ka biya kuɗin mota har Katsina. Kada ka ce babu, na riga na lissafa maka yunit 15 a kowane wata, a kan ƙwai ɗaya kawai, kuma an ce huɗu ne a gidan.