Gara da Bijimin Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku.

A garin Jiki akwai wani Bijimi, Zuciya sunansa. Aikinsa tura jan ruwa cikin magudanan gari, sau 60 zuwa 100 a minti, ko ran sallah ba hutu. Duk ruwan da ke ratsa shi ba ya kurɓa. Abin shansa ta wasu siraran magudanai biyu yake zuwa, na dama da na hagu.

Cikin ruwan nan Gara ke yawo, su ne likitoci ke kira filatilet. A unguwar Ɓargo ake haifarsu, kwana 10 su mutu. A ɗigo kamar kan allura sai ka ƙirga 150,000 ko fiye. Aikinsu ɗaya: ko'ina bango ya tsage, su yaɓe.

To, Kura ta shekara da shekaru tana ɓoye kitse cikin bangon magudanar hagu. Ran nan bango ya dare. Gara ta farko ta manne, ta kwarma ihu, 'yan'uwa suka yi caa, kowace ta zo ta ƙara nata ihun. Gizo, da ba a gayyace shi ba, ya ce, "Bayi in taya ku," ya saƙa yana a kan yaɓen. Jakuna masu dakon iska suka maƙale, hanya ta toshe ruf.

Bijimi ya ji an danne masa ƙirji, zufa ta karyo, ciwo ya bi kafaɗar hagu har muƙamuƙi. Naman da ya yi minti 20 ba ruwa yakan fara mutuwa, wanda ya mutu kuwa ba ya tohowa, sai tabo.

Zaki, sarkin garin, ya aika a kira Dila, malamin daji. Dila ya zura siririn kara ya buɗe hanya, aka yi guɗa. An yi gaggawar guɗar. Ɓarɓashin yaɓen ya gangara ya cushe ƙananan lunguna inda kara ba ya kaiwa, Gara kuma suka yayato Rina, dogaran gari, suka hau harbin naman da ke da sauran rai.

Aka gurfanar da uwar Gara.

"Ranka ya daɗe, tsaga muka gani. Ran da ƙaya ta soki ƙafarka, wa ya tsayar da jinin? Ba a taɓa koya mana bambanta tsagar waje da ta ciki ba. A tambayi mai kitsen."

Kura ta sunkuyar da kai, wai mura take yi.

Zaki ya ce a kori Gara. Dila ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in ka kore su, ko kaciya ba za a sake yi a garin nan ba." Ya ciro asfirin daga gafaka. "Wannan ihun kawai yake ƙwacewa. Wadda ta lasa ba ta ƙara kira har ta mutu. Amma kullum Ɓargo na haifo sababbi, don haka kullum za a ba su, kuma ni zan auna, don yana iya sa ciki zubar jini."

Bijimi ya koma aiki da tabonsa, ƙarfi ya ragu. Washegari Zomo ya yanke yatsa wajen yankan ciyawa, ya daɗe yana danne wurin, yana zagin Gara da lalaci.

Ƙurunƙus.