Mudu Goma Sha Ɗaya na Wake

Jiya bayan La'asar surukina da ƙaninsa suna zaune a zaurena sai 'yata mai aji shida ta shigo da littafin lissafi. Ni ne na sha gaya wa yaran gidan nan cewa a zamaninmu malamin lissafi ma shakkata yake yi, don haka na karɓi littafin da hannu ɗaya.

Darasin reshiyo ne. Mai garau-garau tana zuba mudu 2 na wake a kan mudu 3 na shinkafa. In shinkafar ta kai mudu 12, wake nawa?

Na ce tsakanin 2 da 3 ai ɗaya ne, saboda haka 11. Na faɗa da ƙarfi, har da gyara hula.

Yarinyar nan ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta durƙusa cikin ladabi, ta ja layi biyu a takarda. Sama ta rubuta 2, 4, 6, 8, ƙasa 3, 6, 9, 12. "Abba, ninkawa ake yi, ba ƙari ba. Uku sau huɗu sha biyu, to biyu ma sau huɗu." Ta rubuta 2:3 da 8:12, ta sake rubuta su 2/3 da 8/12, ta ninka su a gicciye, kowane ɓangare 24. Sannan, saboda tsabar tarbiyya, ta gwada tawa amsar a fili: 33. Ta maimaita. Talatin da uku. Surukina ya duƙufa yana kallon carbinsa.

Nan ƙaninsa ya kawo ɗauki. Ya ce shi dai a jiƙa waken da kanwa tukuna, in ya kumbura lissafi zai canja. Ya tambaya ko farin wake ne ko ja. Ya ce mudun Kano daban, tiyar Katsina daban, malamin da bai fayyace ba shi ke da laifi. Daga baya ya nemi a yi sulhu a tsaya a kan 9 da rabi, kowa ya bar wani abu don zumunci. In kuma an dage sai 11, to a buɗe tagogi kafin kwanciya.

Na ce, "Baba, amsar littafi ake nema."

Ya ce littafi bai taɓa dafa garau-garau ba.

Yau da safe surukina ya aiko wa jikarsa da naira dubu da sabon biro. Ni ko gaisuwa.