Wa Ya Ce Dangana Zaman Jiran Mutuwa Ce?

To, masu taɓe baki, na ji ku. Wai sa rai ba ya dawo da mamaci, wai tsohuwar da mijinta ya rasu sai dai ta jira tata ranar. Sannunku da ƙoƙari! Da ma wa ya ce muku sa rai na buɗe kabari? Ku hau gadar Kennedy, ku ƙetara Harobanda, ku iske ni Kirkissoye in nuna muku aikinsa.

Gwaggona ta yi takaba wata 4 da kwana 10 cif. Da fari gida maƙil: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, kowa na "ya haƙuri?" Da aka naɗe tabarmi, sai ita da buta da takalman Malam, mijinta, a bakin ƙofa. A nan baƙin ciki ke cin mutum, ba ranar jana'iza ba.

Me ya tashe ta? Jikka da jika. Ta shiga adashe, zubin jikka guda duk Juma'a, kwasarta sai can gaba, ta ce wallahi ba za ta mutu ta bar wa matan unguwa kuɗinta ba. Ku yi dariyarku. Sai kuma jikanta ɗan shekara 6 ya zo ya harɗe, wai tunda tsoho ya tafi shi ne ango, a kawo tuwo. Ranar ta fara dariya: "Tashi can, miji ba ko kuɗin cefane!"

Za ku ce mantuwa ce. Ina! Har yau in ta bi ta gonakin shinkafar bakin kogi, inda Malam ya yi noma, sai ta yi tsit. Takalman ma suna nan. Amma da ambaliyar 2020 ta rushe gidajen laka a Kirkissoye da Lamorde, ita ta riga samarin gidan neman magini.

Ni tsofaffi maza da matansu suka rasu na fi tausaya wa. Ba takaba, ba masu ɗebe kewa, kwana uku sai a ce "ai namiji ne". Ya je masallaci, ya dawo ɗaki shiru, kunya ta hana shi cewa tuwo ya daina wucewa. Abokan majalisa kuwa maganinsu ɗaya, "ka ƙara aure", sai ka ce canjin tayar kabu-kabu.

Ku da ke musu kuna latsa waya, yaushe rabonku da gaida irinsa? Gobe bayan la'asar ku sayi goro ku je, ku ce masa jibi ma kuna tafe, ku kuma cika alkawari.